Nauyin Kaya da Lafiyar Zuciya: Darasin Likitancin Wasanni ga 'Yan Dakon Kasuwar Singa, Kano

Tsakure

Maƙalar nan ta dubi abin da masana suka gano game da yadda atisaye mai tsanani yake sauya zuciya da jijiyoyin jinin 'yan wasa, sannan ta auna wannan ilimi a kan 'yan dakon Kasuwar Singa. Hujjar da ta kafa ita ce, zuciya ba ta bambance ƙarfen ɗakin motsa jiki da buhun sukari. Abin da yake raba motsin da ke gina ta da wanda ke cinye ta shi ne hutu, da yadda ake numfashi a ƙarƙashin kaya, da sanin halin da jinin mutum yake ciki tun kafin ya sunkuya ya ɗauka.

1.0 Gabatarwa

Kasuwar Singa tana tsakanin Fagge da Sabon Gari, daura da Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi, kuma ana danganta sunanta da kamfanin kekunan ɗinki na Singer. Yau ba keke ake zuwa nema a can ba. Ita ce babbar cibiyar sarin kayan masarufi a Kano: shinkafa da sukari da fulawa da taliya da madara da man girki da sabulu. Daga nan ake lodi zuwa garuruwan Arewa, har ma da Nijar da Chadi da Kamaru. Duk buhun da ya sauka daga tirela ya shiga sito, ko ya fita daga sito ya hau a-kori-kura, sai ya bi ta kai ko kafaɗar wani ɗan dako.

A yi lissafi kaɗan. Buhun sukari ko fulawa kilo 50 ne. Tirelar da ta ɗauko buhu 600 tana ɗauke da tan 30. Idan mutum goma suka sauke ta, kowannensu ya ɗaga tan 3 ke nan, kuma da yawa ba mota ɗaya suke saukewa a wuni ba. Da za a kai wannan adadi gaban mai horar da masu ɗaga ƙarfe, zai ce atisaye ne mai nauyi, zai kuma rubuta wa mai yin sa ranar hutu. Ɗan dako kuwa gobe da safe yana bakin sito.

In aka tambayi masu wannan sana'a abin da suke tsoro a jikinsu, amsar ba ta wuce ciwon baya da gwaiwa da basir. Waɗannan ana jin su, wasu ma ana ganinsu. Zuciya da jijiyoyin jini ba sa kuka da wuri, shi ya sa ba a sa su a lissafi.

2.0 Zuciyar ɗan wasa

Zuciya tsoka ce, kuma kamar kowace tsoka, tana girma idan aka sa ta aiki. A zaune, zuciyar baligi tana tura jini kimanin lita 5 a minti ɗaya. Gwanin tsere da ya ƙware yana iya kai lita 30 ko fiye sa'ad da yake gudu. Tun a 1899 wani likita ɗan Suwidin, Salomon Henschen, ya lura cewa zukatan masu tseren zamiya a kan ƙanƙara sun fi na sauran mutane girma. Ba shi da wata na'ura. Ƙwanƙwasa ƙirji ya riƙa yi da yatsa yana sauraron amo. Ya ɗauki wannan girma a matsayin alheri, kuma a galibin lokuta gaskiyarsa ne.

A 1975 Joel Morganroth da abokan aikinsa a Amurka suka kawo ra'ayin da ya daɗe ana koyar da shi. Suka ce girman iri biyu ne. Mai gudu ko ninƙaya jini mai yawa yake tura wa, saboda haka ɗakin hagu na zuciyarsa faɗaɗa yake yi. Mai kokawa ko ɗaga ƙarfe kuwa da matsi yake fama, sai bangon ɗakin ya yi kauri. Ra'ayin yana da daɗin koyarwa, amma bai tsaya da ƙafafunsa gaba ɗaya ba. A 1991 Antonio Pelliccia ya auna zukatan fitattun 'yan wasan Italiya 947, ya tarar 16 ne kawai kaurin bangon zuciyarsu ya kai milimita 13, kuma kusan dukkansu masu tuƙa kwalekwale ne, ba masu ɗaga ƙarfe ba. Tuƙin kwalekwale aiki ne da ya haɗa yunƙuri da daɗewa. In akwai wasan da ya fi kama da dako, to shi ne: a ɗauka da ƙarfi, a yi tafiya, a sauke, a dawo, a sake, sa'o'i da dama.

Alamar kaurin lafiya ita ce yana raguwa idan mutum ya dakatar da atisaye na wasu makonni ko watanni. Kaurin cuta ba ya raguwa. Irin na biyun yana zuwa ne daga gado, ko kuma daga hawan jini da ya daɗe ba a kula da shi ba. Wani abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne binciken da aka buga a 2008 daga rukunin Sanjay Sharma na Landan, wanda ya nuna kashi 18 cikin 100 na 'yan wasa baƙar fata suna da bangon da ya haura milimita 12, alhali fararen fata kashi 4 ne. Ma'anarsa, likitan da ya auna ɗan wasan Kano da ma'aunin Turai zai iya hana lafiyayye wasa, kuma wanda ya ce ai baƙar fata haka suke zai iya sakin mai cuta. Ana buƙatar idon wanda ya san mutanen.

3.0 Abin da yake faruwa a daƙiƙar ɗauka

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da masu lodi ya ji nishin da ke biyo bayan ɗaga buhu. Kafin nishin, mutum yakan ja iska ya cika ƙirji, ya toshe maƙogwaro, ya yunƙura. Jiki yana yin haka ne da kansa don ya ƙarfafa ƙashin baya, kamar yadda ake hura tayar mota ta ɗau kaya. Likitoci suna kiran wannan yunƙuri da sunan Antonio Valsalva, masanin sassan jiki ɗan Italiya da ya rasu a 1723.

Abin da yunƙurin yake yi wa jini an auna shi. A 1985 Duncan MacDougall na Jami'ar McMaster ta Kanada ya zura siririn bututu cikin jijiyar hannun wasu masu gina jiki, ya sa su tura ƙarfe da ƙafafu biyu har ƙarfinsu ya ƙare. Jinin lafiyayyen mutum a zaune yana wajen 120 bisa 80. Nasu, a matsakaici, ya kai 320 bisa 250, na mutum ɗaya kuma ya haura 480 bisa 350. Wannan tashin na daƙiƙu ne, yana sauka da zarar an saki kaya, kuma lafiyayyar jijiya tana jure shi. Tambayar ita ce sau nawa, da kuma a kan wace irin jijiya.

Jijiyar da ke ɗauke jini daga zuciya ba fayif ba ce kawai. Cikinta akwai shimfiɗa mai laushi wadda take fitar da sinadarin da ke sa jijiyar ta saki jiki, ya kuma hana jini daskarewa a bangonta. Bangon kansa yana da zare mai talewa, yana buɗewa da kowane bugu yana komawa. Tafiya da sassarfa da gudu matsakaici suna gyara wannan shimfiɗa. Matsi mai tsanani da ake maimaitawa kuwa yana sa bangon ya yi tauri don kare kansa. A 2004 Motohiko Miyachi ya sa wasu samari a Jafan ɗaga ƙarfe mai nauyi na wata huɗu, talewar jijiyar wuyansu ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Da suka daina, ta koma yadda take. A ganina wannan ƙarshen shi ya fi muhimmanci ga batunmu: ɓarnar ta warware ne domin an ba ta lokaci. Jijiyar da ta yi tauri ta zauna a haka tana mayar wa zuciya da matsi, zuciya ta ƙara kauri, jini ya ƙara hawa.

Mafi muni, ko da yake ba kasafai yake aukuwa ba, shi ne tsagewar uwar jijiya, wato babbar jijiyar da ta fito kai tsaye daga zuciya. A 2007 John Elefteriades na Jami'ar Yale da abokan aikinsa suka wallafa bayanin mutum 31 da wannan ya same su suna tsakiyar ɗaga nauyi ko wani yunƙuri mai tsanani. Yawancinsu jijiyar ta riga ta ɗan buɗe fiye da ƙima ba tare da sun sani ba. Alamarsa ciwo ne mai tsanani farat ɗaya a ƙirji ko tsakanin kafaɗu, kamar ana yaga abu. Mai irin wannan ciwo ba shafa man zafi yake buƙata ba, asibiti yake buƙata a wannan sa'ar.

Masu dogon gudu ma ba su tsira ba. Nazarin da aka buga a 2017 kan 'yan wasa 152 masu manyan shekaru a Ingila ya sami gurɓin kitse da alli a jijiyoyin zuciyar kashi 44 cikin 100 na mazansu, sa'anninsu da ba sa atisaye kuwa kashi 22. Da farko an kwantar da hankali da cewa gurɓin 'yan wasa mai tauri ne, ba ya saurin fashewa. Sai wani nazari daga Beljiyam a 2023 ya sami har da mai laushin a jikin waɗanda suka shafe rayuwarsu suna atisaye. Haka kuma bibiyar mutum fiye da 52,000 da suka shiga tseren ƙanƙara na kilomita 90 a Suwidin ta nuna waɗanda suka fi maimaita tseren sun fi samun rikicewar bugun zuciya. Duk da haka 'yan wasa, a jimlace, sun fi sauran jama'a tsawon rai. Kada wani ya karanta wannan sashe ya ce ya sami hujjar zama a kan benci.

4.0 Me ya sa dako bai zama atisaye ba?

Ana yawan cewa ɗan dako ba ya hawan jini, ciwon na alhazai ne masu zama a shago suna ƙirga kuɗi. Maganar tana da tushe. A 1953 Jeremy Morris ya nuna cewa kwandastocin bas masu hawa biyu a Landan, da suke wuni suna hawa da sauka, ba su kai direbobin da ke zaune kamuwa da ciwon zuciya ba. Daga wannan nazari ne aka fara ɗaukar motsa jiki a matsayin kariya.

Amma daga baya an gano cewa motsi suna suka tara. Andreas Holtermann na Denmak ya bibiyi mutum 104,046 a Kofanhegan, ya wallafa sakamakon a 2021. Waɗanda suke motsa jiki sosai a lokacin hutunsu, haɗarin mutuwarsu cikin shekarun bibiyar ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100. Waɗanda aikin neman abincinsu ne yake da matuƙar wahala, nasu ƙaruwa ya yi da kashi 27. Wajibi ne a yi hattara wajen fassara irin wannan adadi, domin mai aikin ƙarfi galibi shi ne mai ƙaramin ƙarfi, kuma talauci da kansa yana rage kwana. Masu binciken sun yi ƙoƙarin cire tasirin shan taba da matakin ilimi da samu, bambancin bai ɓace ba.

Dalilan da Holtermann ya kawo kamar a Singa ya tsaya ya rubuta su. Ɗan wasa yana matsa wa zuciyarsa na sa'a ɗaya ko biyu, ya huta, bugunta a zaune ya sauko har ƙasa da 50 a minti. Lebura yana riƙe da bugu mai ɗan yawa daga safe zuwa magariba, wanda bai kai ya ƙara masa juriya ba, bai kuma sauka ya bar zuciyar ta sarara ba. Ɗan wasa shi yake zaɓar lokacin tsayawa. Ɗan dako mota ce take zaɓar masa, ga direba yana matsa ƙaho, ga layi a baya. Kuma tun da kuɗin dako a kan buhu ake biya, duk minti ɗaya na hutu asara ce da mutum zai gani a aljihunsa da yamma. Shi ya sa za ka ga saurayi ya ce a ɗora masa biyu. Shawara mai lamba 128 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1967, ta sa kilo 55 a matsayin iyakar abin da namiji baligi zai ɗauka shi kaɗai. Buhu biyu sun kusa ninka wannan.

Sai zafi. A watan Afrilu zafin Kano yakan haura digiri 40, cikin sito mai rufin kwano kuma ya fi haka. Jiki yana tura jini zuwa fata don ya huce, gumi yana rage ruwan jinin, zuciya ta ƙara sauri don ta cike giɓin. Wannan ba baƙon ilimi ba ne a ƙasar Hausa. A shekarun 1970 Davidson da Parry sun yi nazari a Zariya kan gazawar zuciyar masu jego, suka danganta yawanta da kunun kanwa da kwanciya a gadon wuta da wankan ruwan zafi. Zafi da gishiri da aiki, idan suka haɗu, kaya ne a kan zuciya, ko ta mace ko ta namiji.

5.0 Hawan jinin da ba a sani ba, da magungunan ƙarfi

Wani bincike da aka gudanar a faɗin Nijeriya a 2017 ya sami hawan jini a jikin kimanin kashi 38 cikin 100 na manya. Ciwo ne da ba ya sa zazzaɓi, ba ya hana cin abinci. Mutum yana iya yawo da 170 bisa 110 shekara da shekaru yana jin kansa garau, har ma ya fi kowa lodi. Idan aka ɗora tashin jinin yunƙuri a kan wannan, sau ɗaruruwa a wuni, ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na ƙoda su ne suke biya. Sa'ad da ɓarin jiki ya shanye, sai a ce iska ce ko sammu, a kama hanyar ƙauye da mutum.

Abin da ya fi damun marubucin nan shi ne abin da ake sha don a iya aikin. Akwai shayin gadagi, wanda kowane mai dafawa da irin haɗinsa. Akwai lemukan ƙara kuzari masu yawan kafin. Akwai ƙwayoyin gajiya da masu talla suke ƙullawa a leda, waɗanda sau da yawa akwai dikilofenak ko ibufurofen a ciki, kuma su biyun suna ɗaga jini suna taɓa ƙoda idan aka daɗe a kansu, musamman a jikin da ruwa ya ƙare masa. Sannan akwai taramol. Ita ba ta ƙara ƙarfi ko kaɗan. Kashe jin ciwo take yi. Hausawa suka ce jiki magayi, to ita bakin magayin take rufewa, mutum ya ci gaba da ɗauka bayan jikinsa ya ce a tsaya. Wannan ne ya sa hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta ta a lokacin gasa daga 1 ga Janairun 2024. Samarin da suke yi wa kansu allurar gina tsoka a ɗakunan motsa jiki, da 'yan damben da suke shiga fili a Ado Bayero Square bayan sun sha abin da suka sha, suna cikin wannan layi.

6.0 Faɗuwa a fili, faɗuwa a kasuwa

A ranar 12 ga Agustan 1989 Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi a filin wasa na Surulere, Legas, ana karawa da Angola. Yana da shekara 25. Rahoton binciken gawa ya ambaci girman zuciya da hawan jini. Marc-Vivien Foé na Kamaru ya faɗi a Liyon ta Faransa a 26 ga Yunin 2003, aka gano yana da kaurin zuciya na cuta. A 8 ga Maris 2020 Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a Lafiya ana wasa da Katsina United, bai tashi ba. A ɗaya ɓangaren, Nwankwo Kanu gwajin kulob ɗin Inter Milan ne ya gano matsalar bawul ɗin zuciyarsa a 1996, aka yi masa tiyata a Amurka, ya dawo ya buga ƙwallo shekaru da dama. Christian Eriksen na Denmak zuciyarsa ta tsaya a fili a 12 ga Yunin 2021, aka danna ƙirjinsa nan take, aka sa masa na'urar girgiza zuciya, ya rayu. Bambancin waɗanda suka mutu da waɗanda suka rayu abu biyu ne: an duba kafin, ko an san abin yi bayan faɗuwa.

Italiya ta wajabta gwajin lafiyar 'yan wasa da doka tun 1982, har da awon lantarkin zuciya. Domenico Corrado ya ruwaito a 2006 cewa mutuwar fuju'a tsakanin matasan 'yan wasa a yankin Beneto ta ragu da kashi 89 cikin 100. Ba mai cewa a yi wa kowane ɗan dako hoton zuciya. Kuɗin ba zai samu ba, amfanin ma bai kai ba. Abin da zai yiwu ya fi haka sauƙi. Na'urar awon jini mai batir ba ta kai kuɗin buhun shinkafa ba, awon kuma minti biyu ne. Da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da shugabannin 'yan dako za su ajiye ta a wasu layuka, a riƙa awo da safe kafin a fara lodi, duk wanda aka samu a 140 bisa 90 ko sama a ranaku daban-daban a tura shi asibiti, da an kama mafi yawan abin da maƙalar nan take tsoro. Kano ba ta rasa wurin turawa ba: ga Asibitin Murtala a cikin birni, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da likitocin zuciyarsa. Wanda yake jin ciwon ƙirji ko jiri ko suma a ƙarƙashin kaya, ko wanda wani na jininsa ya mutu fuju'a yana matashi, shi ne za a yi wa awon lantarki da hoto.

Sauran gyaran a hannun masu kaya yake. A hana ɗora buhu biyu. A sa kura da baro inda hanya ta ba da dama. A ajiye ruwan sha a bakin sito, a kuma matsar da sauke manyan motoci zuwa sanyin safiya a watannin bazara da lokacin azumi. A koya wa sabon shiga ya riƙa fitar da numfashi yayin da yake miƙewa da buhu maimakon ya maƙale shi.

In kuma mutum ya faɗi, ba ya amsawa, ba ya numfashi ko yana shaƙar iska kamar mai munshari, al'adarmu ita ce a taru a yayyafa masa ruwa, a yi masa fifita, wani ya ruga neman madara. Kowane minti da ya wuce a haka yana rage damar rayuwarsa da kusan kashi 10 cikin 100. Abin yi shi ne a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, mutum ɗaya ya ɗora tafin hannu a tsakiyar ƙirjinsa, ɗaya hannun a kai, ya riƙa dannawa zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa. In ya gaji wani ya karɓa, wani kuma ya je ya buɗe hanyar da mota za ta shigo.